Tambayoyinku: ta ina ake shiga sana'ar girki da aikin otal?

Wasiƙun wannan karon duk sun taru a kan girki da karɓar baƙi. Mun tsamo bakwai, mun taƙaita su, ga amsoshin.

Tambaya: Na gama sakandare, kuma girki nake so ya zama sana'ata. Wasu sun ce in nemi makaranta, wasu sun ce asarar kuɗi ce, in tafi kicin ɗin otal in fara ko da wanke-wanke ne. Wacce zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, kowacce cikin hanyoyin nan ta fitar da gwanaye, kowacce kuma da inda take gazawa. Makaranta dalili take koyarwa: me ke sa romo ya gurɓace, me ke hana burodi tashi, yaya ake lissafin abin da faranti ya ci. Kicin kuwa sauri yake koyarwa da juriya, amma iyakarka abincin gidan da kake, kuma duk wata muguwar ɗabi'ar wanda kake tsaye kusa da shi za ka kwasa ba ka sani ba. Mutum na iya shekara biyu yana feraye ba wanda ya nuna masa yadda ake haɗa miya, domin koya masa ba ya cikin aikin kowa.

Shi ya sa ƙasashen da suka yi nisa a harkar suke gwama biyun. A Jamus mai koyon aikin kuku shekara 3 yake yi da yarjejeniya a rubuce: yawancin lokacinsa a kicin ana biyansa, sauran a makarantar sana'a, a ƙarshe ya zauna jarrabawa. Faransa na da takardar CAP ta girki, shekara 2, ita ma ana iya yin ta ana aiki. Duk inda kake, nemi abin da ya fi kama da wannan.

Kafin ka biya ko sisi, yi wata biyu ko uku a kicin na gaske. Za ka san ko ƙafarka na iya tsayuwar awa 10 cikin zafi, za ka kuma ga cewa ranar da kowa ke hutu ita ce ranar da aiki ya fi yi maka yawa. Gara ka gano haka tun kuɗinka na aljihu.

In ka tsaya a kan makaranta, kada ka zaɓa daga hotunan talla. Je ka da ƙafarka a lokacin darasin aiki, ka ƙirga ɗalibi nawa ne a kan murhu ɗaya. Idan malami ne ke girki ɗalibai 30 suna kallo suna rubutu, wannan kallo ne ba koyo ba. Tambayi awa nawa ne na aikin hannu a mako; in bai kai rabin lokacin karatu ba, juya. Tambayi wa ke ba da takardar shaidar: makarantar ce da kanta, ko wata hukuma ce ke shirya jarrabawar. City & Guilds ta Landan, hukumar jarrabawar sana'o'i da aka kafa a 1878, tana da cibiyoyin da ta amince da su a ƙasashe da dama, kuma ana iya bincikawa a wurinta ko da gaske makaranta na cikinsu. Tambayi inda ake tura ɗalibai sanin makamar aiki, da tsawon lokacin, da ko akwai yarjejeniya a rubuce. Sannan ka ji ko kayan girki da wuƙaƙe da kayan sawa suna cikin kuɗin makaranta, domin nan ne ake yawan yi wa ɗalibai bazata.

Manyan sunaye irin su Le Cordon Bleu, wadda aka buɗe a Paris a 1895, suna da daraja kuma suna da tsada. Amma wanda ya fito daga can, a ƙasan tsani zai fara kamar kowa.

Tambaya: Ina jin ana cewa komi, su-shef da sauransu. Mene ne bambancinsu, kuma shekara nawa ake yi kafin a zama babban kuku?

Amsa: Tsarin na Auguste Escoffier ne, Bafaranshen da ya taɓa yi wa sojoji girki a yaƙin 1870, ya kuma karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan a 1890. Ya raba kicin sashe-sashe kamar rundunar soja, kowa da abin da ke wuyansa. Har yau manyan otal a kansa suke.

A ƙasa akwai mai wanke tukwane da share kicin. Sama da shi sai komi, ƙaramin kuku mai yanka da shiri. Sai shef-da-fati, wanda ke riƙe da sashe guda: miya, kifi, gashi, kayan lambu, kayan sanyi, ko kayan fulawa da zaƙi. Sai su-shef, mataimakin babba, wanda a gaskiya shi ke tafiyar da kicin kullum. Babban kuku ne a sama, kuma abin da matasa ba sa zato shi ne, shi ya fi kowa ƙarancin taɓa tukunya. Tsara jerin abinci, sayayya, jadawalin ma'aikata da lissafi su ke cinye ranarsa.

A babban gida, mutum kan yi shekara biyu zuwa uku yana komi, irin haka kuma yana riƙe da sashe, sannan wasu shekaru yana su-shef, jimla dai kusan shekara 10 kafin a ba shi kicin. Kuskuren da ke kassara mutane da yawa shi ne bin suna. Wani ƙaramin wuri zai kira ka babban kuku bayan shekara biyu, ka karɓa, daga ranar kuma babu wanda ya fi ka sani a kicin ɗin, koyo ya tsaya ke nan. Tun kana komi, roƙi a riƙa juya ka sashe-sashe duk wata shida. Yi aƙalla shekara guda a kowane wuri, don mai ɗaukar aiki na lura da mai yawan tsalle. Ajiye ƙaramin littafi a aljihu, ka rubuta kowane haɗi da nauyinsa.

Kuma otal ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Akwai gidan burodi, girkin asibiti da makarantu, kamfanonin da ke dafa wa jiragen sama, girkin taro, da koyarwa. Na asibiti da makarantu sun fi tsayayyen lokacin tashi, abin da mai iyali zai so ya duba.

Tambaya: Kowa na yabon girkina a gida. Na je gwajin aiki a wani otal, aka ba ni albasa da kaza da ƙwai. Abincin ya yi daɗi, amma aka ce za a kira ni, har yau shiru. Ina na kuskure?

Amsa: 'Yar'uwa, kada wannan ya karya miki gwiwa. Ɗanɗano na cikin abin da ake dubawa, sai dai kafin a kai gare shi mai gwajin ya riga ya yanke rabin hukunci.

Daga shigarki yake kallo. Kin wanke hannu kafin ki taɓa komai? Kin shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katakon yanka don kada ya zame? Yaya kika riƙe wuƙa? Ana matse gindin ƙarfen ne da babban yatsa da manuni, ɗaya hannun kuma a lanƙwashe yatsu ciki. Albasar da aka ba ki, so ake a ga yankan ya fito kai ɗaya, misali milimita 3 kowane ɓangare. Ba don ado ba ne: in wani yanka ya fi wani girma, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya nuna. Kazar kuma ana so ki fitar da ita gida 8, ki bi gaɓa ba ki sari ƙashi ba, kada ki bar tsoka a jikin ƙashi, kada kuma ki zubar da ƙasusuwan, domin na romo ne. In kika yanka albasa a kan katakon da kika yanka ɗanyar kaza ba ki sauya ba, gwaji ya ƙare a nan, ko da ba a faɗa miki ba. Wainar ƙwai irin ta otal ba a barin ta yi ja; ƙwai biyu ko uku, wuta matsakaiciya, ana motsawa ba tsayawa, a sauke cikinta da sauran laushi.

Sai tsari. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kicin ɗin sana'a kan wannan ya ginu: a yanka komai, a auna, a jera kafin a kunna wuta. Abin da ya fi daɗewa a wuta shi ake fara ɗorawa. Ana share wuri ana aiki, ba a tara wa ƙarshe. Ana ɗanɗanawa da cokali mai tsabta kowane karo.

Babban bambancin gida da sana'a kuwa shi ne maimaici. A gida tukunya ɗaya ce, in ta yi daɗi shi ke nan. A otal faranti 80 za su fita, kuma dole na farko da na ƙarshe su zama ɗaya, ko ke kika dafa ko wani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima; a nan kima ba ta isa, sai sikeli. Sayi ƙaramin sikeli mai auna giram ki saba da shi.

Abu biyu za ki iya koya a gida, kuma ana yawan gwada mutane a kansu. Na farko romo: zuba ƙasusuwa a ruwan sanyi, a bar shi yana ɗan motsi kawai, ana kwashe kumfa. In ya tafasa da ƙarfi, maiƙo da kumfa za su koma cikin ruwan ya gurɓace. Na kaza awa 3 zuwa 4, na kifi minti 20 zuwa 30, in ya wuce haka ɗanɗanonsa kan ɓaci. Ba a sa gishiri, saboda za a ƙone ruwan daga baya gishirin ya yi yawa. Na biyu farar miyar madara: bota da fulawa nauyi ɗaya, giram 60 zuwa 70 kowanne ga lita ɗaya ta madara. A soya su minti biyu don ƙarnin ɗanyar fulawa ya fita, sannan a zuba madara kaɗan-kaɗan ana bugawa. Gudaji na fitowa ne idan aka juye madarar gaba ɗaya. Yi waɗannan da agogo a gabanki na wata guda, ki sake neman gwaji.

Tambaya: An ce sai na kawo takardar shaidar tsabtar abinci kafin a ɗauke ni. Ba wanke hannu ba ne kawai?

Amsa: Ya fi haka nesa, Malam, kuma ita ce takarda mafi sauƙin samu da ta fi kowacce amfani. Kwas ɗin matakin farko kan ɗauki kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Akasarinsa lambobi ne, kuma dole su zauna maka a ka.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas. Don haka firij ya tsaya a 5 ko ƙasa, firiza a 18 ƙasa da sifili, abinci mai zafi da ke jiran ci kuma sama da 60. Kaza sai tsakiyarta ta kai 75, kuma da ma'aunin zafi mai tsinke ake tabbatarwa, a wuri mafi kauri, ba da kalar fata ba. Dafaffen abinci ba ya wuce awa 2 a ajiye a fili.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen hucewa. Ƙatuwar tukunya in aka tura ta firij yadda take, tsakiyarta na iya kwana da ɗumi. Ƙa'idar Amurka ita ce abinci ya sauko daga 57 zuwa 21 cikin awa 2, sannan ya kai 5 cikin wasu awa 4. Ana cimma haka ne ta hanyar juye shi a faffaɗan tire, zurfinsa kada ya wuce santimita 5, ko a dasa tukunyar cikin ruwan ƙanƙara. Shinkafa ta fi komai yaudara: akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya karya ta.

Ɗanyen nama a ƙasan firij yake zama, don kada jininsa ya ɗiga kan abin da aka gama. Komai da kwanan wata a jikinsa, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Mai gudawa ko amai ba ya dawowa kicin sai awa 48 bayan ya warke. Za a kuma koya maka abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa. Tarayyar Turai ta lissafa 14, ciki har da gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. In baƙo ya tambaya ba ka tabbata ba, je ka tambayo, kada ka yi kintace, domin rai ne.

In ka hau sama za ka haɗu da tsarin HACCP, na gano wuraren da abinci zai iya gurɓata a kuma tsare su, wanda kamfanin Pillsbury da hukumar NASA suka fara a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati. Ginshiƙansa 7 ne, kuma wanda ya iya rubuta shi ga kicin ya riga tsaransa zuwa kujerar su-shef.

Tambaya: Ni ba girki nake so ba, aikin otal nake so. Wane sashe ne ke kai mutum ga zama manaja?

Amsa: Teburin karɓar baƙi, kula da ɗakuna, da sashen abinci da abin sha, dukansu suna kaiwa. Amma manajan kirki sai ya ɗanɗana aƙalla biyu.

Mutane na raina kula da ɗakuna, alhali ɗaki shi ne hajar otal. Gyaran ɗakin da baƙo ya fita kan ci kamar rabin awa, ma'aikaci ɗaya kuma kan yi wajen 14 zuwa 16 a yini. Wanda bai san wannan ba, in ya zauna a teburin karɓar baƙi zai yi wa baƙo alƙawarin ɗakin da bai kammala ba. A teburin kuwa, koyi manhajar da otal ke aiki da ita, irin su Opera, ka kuma karɓi aikin dare in an ba ka. Da dare ake rufe lissafin yini, kuma nan ne za ka ga yadda kuɗi ke shiga da fita. Harshe na biyu ko na uku na ɗaga darajarka ƙwarai.

Lissafi ɗaya ne ke raba ma'aikaci da manaja. A ce otal na da ɗaki 100, an kama 70 a kan 200 kowanne (lambobin misali ne kawai). An samu 14,000. A raba da ɗakunan duka, kowane ɗaki ya kawo 140. Sai wani ya karya farashi zuwa 150, aka kama 90. Otal ya cika, kowa na murna, amma 13,500 aka samu, wato 135 a kowane ɗaki, ga ƙarin wanki da wuta da sabulu na ɗaki 20. Wanda ya iya ganin wannan shi ake ɗagawa.

A wannan ɓangaren difloma ko digiri sun fi tasiri fiye da a kicin. Makarantar otal ta Lozan a Suwizalan, wadda aka kafa a 1893, da ta jami'ar Cornell a Amurka, 1922, shugabancin otal suke koyarwa ba girki ba. Masu neman makaranta kan rikita biyun, su biya kuɗin abin da ba shi suke nema ba.

Tambaya: Na yi kwas, na fara girkin taro da kaina. Ciniki na tafiya amma ba na ganin riba.

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa da farashin saye kike lissafi, ba da abin da ya rage bayan gyara ba. A ce kin sayi nama kilo 10 a kan 100 kowane kilo, 1,000 ke nan. Bayan cire ƙashi da kitse da jijiya ya koma kilo 7. To kilo ɗinki 143 ne, ba 100 ba. Faranti mai giram 200 ya ci kusan 29 a nama. Ƙara sauran kaya, har da mai da gishiri da kayan ƙamshi da mazubi, a ce 16, ya zama 45. A wannan sana'a kayan abinci kan tsaya wajen kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na farashin sayarwa. In kin ɗauki kashi 30, raba 45 da 0.30, farashin faranti 150. Ragowar ba riba ba ce tukuna. A ciki za ki biya ma'aikata, gas, haya, sufuri da albashin kanki, wanda yawanci shi ake mantawa.

Sauran ɗigar tana wajen zubi. Ludayi ɗaya mai sanannen girma za a riƙa amfani da shi, kowa da shi zai zuba. Ƙarin giram 20 a faranti 200 kilo 4 ne ya tafi kyauta. Sake lissafin duk lokacin da farashin kaya ya motsa, ki karɓi kafin-alƙalami da zai ɗauki kuɗin kaya, a kuma rubuta adadin mutane da ranar ƙarshe ta sauya shi.

Tambaya: Wani dillali ya ce zai samo mini aikin kicin a jirgin ruwa ko otal a ƙasar waje, amma sai na biya shi tukuna.

Amsa: Dakata, ɗan'uwa. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ginu ne a kan cewa kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi daga ma'aikaci. Mai ɗaukar aiki ke biya. Nemi sunan otal ɗin ko kamfanin jirgin, ka tuntuɓe su kai tsaye ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda dillali ya ba ka ba. Kada ka tafi da bizar ziyara da sunan za a sauya ta a can, kada kuma ka bar fasfonka a hannun kowa.

Aikin jirgin ruwa yana da nasa sharuɗɗa: horon kariya na STCW, wanda ya haɗa da kashe gobara, taimakon farko da tsira a teku, sai takardar lafiya daga likitan da aka amince da shi. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin kukun jirgi. Kafin ka sa hannu, karanta kwangilar ka ga muƙami, albashi, awannin aiki, ranar hutu, masauki, da wanda zai biya tikitin dawowa, ka kuma riƙe kofi ɗaya a hannunka.